Kafin Ɗan Aike Ya Iso

Fereej Abdel Aziz, Doha
Ranar Juma'a, bayan an sauko daga masallaci

Assalamu alaikum wa rahmatullahi.

Zuwa ga Abba,

Bayan gaisuwa mai yawa da fatan alheri, ina roƙon Allah Ya sa wannan takarda ta same ka cikin ƙoshin lafiya, kai da mahaifiyarka da ƙannenka da duk mutanen gidanmu na Malumfashi. Ni ma lafiya lau nake, alhamdu lillahi. Allah Ya tsare min kai a hanyar Kaduna, Ya sa ka shiga horon nan da ƙafar dama, Ya raba ka da mugun ji da mugun gani.

Na san za ka yi mamakin ganin takarda, ga waya a hannun kowa. Waya ba ta yi min. Kai ɗan fari ne, ga shi sunan mahaifina gare ka, da na ji muryarka sai kunya ta rufe min baki. In tambaye ka karatu, in tambaye ka ko an yi ruwa, in ce a gaida mutanen gida, shi ke nan. Shekara tara ke nan ina tambayarka ko an yi ruwa. Yau na ce bari in zauna in rubuta, ko da yake karatuna bai wuce firamare ba. In ka ga rubutun ya karkace ka yi haƙuri, a kan gwiwata nake yin sa. Wani ɗan Funtuwa da zai tafi hutu shi zai kawo maka.

Za ka sa kakin ɗan sanda. Ni ma kaki nake sawa, duk da nawa na mai gadi ne, babu bindiga babu sanda. Ban kai shekara arba'in ba, ba ni da furfurar da zan yi maka wa'azi da ita. Abin da na tara kurakurai ne, su zan zazzage maka ka zaɓa. Akwai kuma maganar Baffanka Habibu. Shekara huɗu da suka wuce na ce maka in ka taka ƙofar gidansa ban yafe ba, ga shi yanzu garin da yake zaune za ka. Ka karanta takardar nan har ƙarshe kafin ka yanke abin da za ka yi.

Bari in fara da inda nake gadi yanzu, don daga can maganar ta taso.

Wani filin wasa ne na dutse a bakin teku, ba shi da rufi. An gina shi zagaye kamar ƙwarya da aka raba biyu, matakala a kan matakala, mutane su zauna a kai suna kallon ƙasa. Lokacin sanyin da ya wuce wasu ɗalibai suka riƙa zuwa bayan la'asar suna gwajin wasan kwaikwayo. Mai koya musu wata tsohuwa ce 'yar ƙasar Girka, gajera, tana dogara sanda, mu masu gadi muna kiranta Duktura. Abokin aikina a wurin Awudu ne, ɗan Zangon Kumasi, wanda muke ɗaki ɗaya tun zuwana. Shi yana jin Turanci sosai, shi yake fassara min.

Ranar farko da muka ji suna ta kururuwa, Awudu ya zungure ni ya ce, "Malam Sama'ila, ka ga ikon Allah? Mutane sun ci sun ƙoshi, sun zo koyon kuka."

Na yi dariya. Amma mai gadi ba shi da abin yi sai kallo, sati uku ina kallo har na haddace wasan.

Duktura ta ce ita ta rubuta shi, amma a kan tsarin kakanninta na can can da ta ɗora shi. Wai a zamaninsu, lokacin biki, gari kan fito a zauna a gefen tudu da rana tsaka, a kalli labarin wani babban gida da ya rushe. Ba don dariya ba. A yi ta kallo har hawaye ya zubo, sannan kowa ya koma gidansa. Mutanen nan masu bautar gumaka ne, ban ce ka ɗauki komai na addininsu ba, Allah Ya tsare. Amma zinariya ko a juji ka tsince ta, zinariya ce.

Labarin gajere ne. An yi fari a wani gari, rijiya ɗaya ta rage. Sarki ya rantse a gaban jama'a cewa duk wanda ya ɗebi ruwa ba a lokacin da aka tsayar ba, za a kore shi daga garin. Wadda aka fara kamawa ita ce tsohuwar da ta goye shi yana jariri, ta ɗebar wa wani baƙo da ƙishirwa ta kayar a bakin ganuwa. Dattawa suka roƙe shi, ya ce rantsuwa rantsuwa ce. Aka fitar da ita. Daga baya zuciyarsa ta karaya, ya tura a dawo da ita. Sai ga ɗan aike ya shigo a guje, ya ce an same ta a gindin wata bishiya, rai ya yi halinsa.

Abin da ya dame ni, sarkin ba mugu ba ne. Mutum ne mai son garinsa, ruwan kuma da gaske ya yi kaɗan. Wata rana Duktura tana hutawa kusa da ƙofarmu, na ce wa Awudu ya tambayar min ita me ya sa ba ta yi shi mugu ba, tunda a namu wasannin daga ganin gashin bakin mutum ka san shi ne mugun.

Ta dube ni ta saman tabarau, ta faɗi magana gajera. Awudu ya ce, "Ta ce da mugu ne, da kowa ya koma gida yana cewa ba da ni ake ba."

Na san haka ne. Ko a masallaci, in liman yana zancen azzalumai, kowa maƙwabcinsa yake kallo ta wutsiyar ido. Babu wanda ke ganin kansa a jikin mugu. Amma mutumin kirki da ya kafe a kan kuskure ɗaya, wannan ba ka da inda za ka ɓuya masa. Ni dai ban samu wurin ɓuya ba.

Masu wasan suna sa fuskar aro, mai baki a buɗe, wadda ba ta motsi. Yaron da ke fitowa a sarki wani siriri ne mai yawan dariya, amma da ya ɗaura fuskar nan sai tafiyarsa ta canza, muryarsa ta canza, har abokansa su riƙa kauce masa a hanya. Na san wannan fuskar, Abba. Na taɓa sa irinta.

A shekarata ta biyar a nan aka ba ni sufabaiza. Aka canza min riga daga shuɗiya zuwa fara, aka ba ni oba-oba da mota ina zagaya ƙofofi. Mu takwas ne a ɗakinmu, gadaje masu bene, kuma al'adarmu duk Juma'a mu je kasuwar Abu Hamour mu sayo kuɓewa da tattasai da albasa, mu yi tuwo, mu zube shi a tire ɗaya mu sa hannu. Da na samu farar riga sai na ga kamar bai dace in haɗa hannu da waɗanda nake duba aikinsu ba. Na sayi faranti, na riƙa ɗibar nawa ina hawa gado. Baffanka Habibu yana ɗakin a lokacin, ni na yi masa hanya ya zo, kuma a ƙarƙashina yake aiki. Ka san bakinsa. Ya ɗaga kai ya ce, "Yaya, tiren ne ya yi maka kaɗan, ko hannunmu ne ya yi datti?"

Ɗaki ya fashe da dariya. Ni ma na yi murmushi, amma na riƙe abin a raina. Washegari da na zo ƙofarsa ya ƙame ya sara min yana cewa, "Ranka ya daɗe, Mudir, babban manaja!" Wasa yake, irin wasan da yake min tun muna kiwon awakin Inna. Ni kuwa farar rigar ta hana ni jin wasa.

To, ka ji na farko. Kakin nan fuskar aro ce, an ba ka ne don aiki. In ka tashi daga aiki ka cire ta ka rataye, ka zauna a tire da mutane. Ranar da ka ga wasan ƙanenka ko na abokinka ya fara yi maka zafi, ba su ne suka canza ba, fuskar ce ta manne.

Na biyu shi ne babba, kuma akwai abin da ke cikinsa da ban taɓa faɗa wa kowa ba, har mahaifiyarka.

Wata Laraba ce a tsakiyar zafi, irin zafin da ƙarfen ƙofa ke ƙona hannu. Habibu yana gadin wani sito na kayan gini can bayan Asian Town. Na iso da azahar na tarar da kujerarsa ba kowa, ga gorar ruwansa a ƙasa, ƙofa a saye ba a kulle ba. Na tsaya kusan rabin sa'a. Sai ga shi a bayan wata a-kori-kura, riga sharkaf da gumi. Ya diro yana haki ya ce, "Yaya, wani lebura ne ɗan Nepal ya yanke jiki ya faɗi, idonsa ya juye. Kowa ya tsaya yana kallo, suna tsoron a ce su ne. Na kai shi asibiti. An ce da an ƙara jinkiri da an rasa shi."

Na ce, "Wa ka gaya wa za ka bar ƙofa?"

Ya ce, "Na kira ka a oba-oba sau biyu, ba ka amsa ba."

Gaskiya ya faɗa. Na rage muryar oba-obar har ƙasa, ina cikin wani shago mai sanyi ina shan shayin karak. Ko tsinke bai ɓata a siton ba. Takardar rahoto tana da wurin rubuta dalili, da na rubuta cewa ceton rai ya je yi, da magana ta mutu a nan. Amma in na rubuta haka, za a tambaya me ya sa bai kira sufabaiza ba, in an bincika kuma a gane sufabaiza ne bai amsa ba. Ga shi satin da ya wuce wani a ofis ya yi habaici cewa mu 'yan ƙasa ɗaya muna rufa wa juna asiri. Ga dariyar tire tana nan a maƙogwarona. Duk waɗannan suka haɗu, sai na kira su da suna mai kyau. Na ce gaskiya ce da riƙon amana.

Awudu ne ke taya ni rubuta rahoto saboda Turancina. Ran nan da na gaya masa abin da zai rubuta, ya ajiye biro ya ce, "Hannuna ba zai rubuta wannan ba." Na ɗauka na rubuta da kaina, da Turancina na kasuwa, cewa ya bar ƙofa ba izini. Layi ɗaya tak.

Abba, biro a hannun mai kaki ya fi sanda nauyi. Sanda ta sauka ta warke, abin da ka rubuta kuwa yana tafiya inda ba za ka iya bin sa ka dawo da shi ba. Kafin ka rubuta sunan mutum a takarda, ka sha ruwa, ka yi salla, sannan ka tambayi kanka ko akwai abin da kake rufewa na kanka. In ka ji zuciyarka tana yawan ce maka "doka ce, doka ce," ka leƙa ƙarƙashinta ka ga me ke kwance.

A wasan Duktura akwai wasu mutum goma sha biyu da ke tsayawa gefe guda, su ne dattawan gari, suna magana da murya ɗaya kamar waƙa. Ni na kira su 'yan amshi. Sai dai namu 'yan amshin abin da mawaƙi ya faɗa suke maimaitawa, nasu kuwa gardama suke yi da sarki. Suna ce masa ya sassauta, suna tuna masa wadda ta goye shi. Ba su da ikon hana shi komai, baki kawai gare su. Duktura ta ce su ne muryar masu kallo, abin da talakan gari zai so ya faɗa wa mai mulki su suke faɗa.

Ni ma na samu 'yan amshina. Sai da safe zan miƙa rahoton, don haka bayan magariba mutanen ɗakinmu suka zaunar da ni. Dattijonmu, wani direba ɗan Sakkwato, ya ce, "Sama'ila, yaron nan rai ya ceta. Ko kafil ɗin, mai kamfanin, da kansa ya ji, sai ya sa masa albarka." Wani ya ce in tuna Habibu yana da tsohon gargaɗi a fayil saboda waya, wannan zai zama na biyu, na biyu kuwa sallama ce. Na ce na sani. Na ce doka ba ta san ɗan'uwa ba.

Awudu ya ce, "Doka ba ta da ƙane, Sama'ila. Kai kana da shi."

Duk wannan ana yi Habibu yana bakin gadonsa yana goge takalman aikinsa, bai ɗaga kai ba. Da ya ce min "Yaya, ka yi haƙuri," wallahi da na yaga takardar. Abin da nake jira ke nan, ya durƙusa a gaban waɗanda suka yi min dariya. Shi kuwa bai ga laifin da ya yi ba balle ya roƙa. Da safe na miƙa.

In mutum ɗaya ya ce ka tsaya, kana iya cewa ra'ayinsa ne. In mutum shida da kuke cin tuwo tare, waɗanda ba su da abin da za su samu a wurinka, suka haɗa baki suka ce ka tsaya, to ka tsaya. A aikinku za ka samu masu amsa maka duk abin da ka faɗa, musamman in ka fara samun igiya a kafaɗa. Waɗannan ba su da amfani. Ka nemi masu yi maka gardama ka riƙe su da kyau. Kuma kada ka taɓa jiran wanda ke ƙasa da kai ya durƙusa kafin ka yi abin da ka riga ka san shi ne daidai.

Bayan sati biyu aka sallame shi. Ranar da zai tafi na yi musayar diyuti da wani don kada a yi a gabana. Awudu ne ya raka shi filin jirgi. A wasan Girkawan nan, mugun abu ba a yin sa a gaban masu kallo, can waje yake faruwa, sai ɗan aike ya shigo ya ba da labari. Na daɗe ina tunanin dalili. Ina ganin don haka abin yake ga masu iko ne. Mai ba da umarni ba ya ganin inda umarninsa ya sauka, labari kawai ake kawo masa. Awudu ya dawo ya ce, "Ya tafi. Bai zage ka ba. Ya bar takalmansa a ƙarƙashin gadonka, ya ce a ba Yaya, ƙafarmu ɗaya."

Bayan kwana uku Inna ta kira ni. Ta ce, "Sama'ila, ku biyu na sa wa albarka, ɗaya ya dawo. Me ya faru?"

Na ce, "Harkar aiki ce, Inna, ba za ki gane ba."

Sai ta ce, "To."

Daga wannan "to" ɗin ba ta sake tayar min da maganar ba. Muna gaisawa, tana sa min albarka, amma ba ta ƙara kirana Na-Inna ba. In har sai ka hukunta mutum, ka tsaya ka ga fuskarsa, ka raka shi har ƙofa. Kuma kada ka taɓa ce wa mahaifiyarka ba za ta gane ba. Sun gane, tun kafin mu buɗe baki.

Sauran ka san shi, don a kanka ya sauka. Labari ya iso min cewa a Malumfashi ana cewa Sama'ila ya kori ƙanensa. Habibu bai yi min ƙarya ba, an tambaye shi ne ya faɗi abin da ya faru. Na toshe lambarsa. Da hutun Sallah ya zo ka je wurinsa Kaduna, ya koya maka tuƙa babur, ka dawo ka kira ni cikin murna, a ƙarshe ka ce, "Baba, wai da gaske ne?" Shekararka goma sha biyar. Tambaya ka yi, tambayar da ta dace. Ni kuwa na ji kamar an tuɓe ni a kasuwa, na ɗaga murya na ce in ka sake taka ƙofar gidansa ban yafe ba. Ka ce, "To, Baba." Irin "to" ɗin kakarka.

Duktura ta ce a tsofaffin wasanninsu laifin uba ba ya tsayawa a kansa, yana bin gida kamar gara, ya ci ɗa ya ci jika, har sai an sami wanda ya ce ya isa. Na ɗauki rigimar da ba taka ba na ɗora maka, na raba ka da mutumin da ya yi maka huɗuba a kunne ranar da aka haife ka, don ni kunya ta sa na gudu kasuwa.

Farar rigar ma ba ta daɗe ba. Bayan shekara ɗaya kwangilar wurin ta ƙare, aka maida ni shuɗiya. Juma'ar farko na tsaya da farantina ina kallon tire. Awudu ya ɗan gusa kawai ya bar min wuri. Wannan gusawar ta fi min zagi zafi.

Da Inna ta rasu, a wayar Awudu labarin ya zo, don Baffanka ne mai kiran, lambarsa kuwa a toshe take a tawa. Habibu ne ya shiga kabari ya karɓe ta. Na kira kowa na yi masa ta'aziyya, har maƙwabta, ban da shi. Uwa ɗaya muka rasa, kowa ya yi kukansa shi kaɗai.

Ranar da ɗaliban suka nuna wasan a gaban jama'a, Duktura ta kafe sai da rana za a yi, kamar yadda kakanninta suke yi. Wuri ya cika. Aka ajiye ni a matakalar can sama. Na riga na san duk abin da zai faru, na gani ya fi sau ashirin, amma da sarkin ya ce a tafi a dawo da ita sai na ji ina cewa a raina, yi sauri, yalla, yi sauri. Ɗan aike ya shigo ya faɗi abin da ya gani. Sarkin ya durƙushe. Fuskar aron tana nan yadda take, baki a buɗe, ba ta motsa ba, amma muryar da ke fita ta cikinta ta karye. Ban san lokacin da hawaye ya jiƙa min kwalar riga ba. Na juya don kada a gani, sai na ga wani Ba'indiye mai shara a damana yana share ido da bayan hannu, a gabana kuma wani Balarabe cikin farar jallabiya yana jan hanci. A nan na gane dalilin rana. A cikin duhu kowa zai yi kukansa ya ɓoye. Da rana kuwa ka ga maƙwabcinka, ya gan ka, kun san dukanku kuna da wadda kuka kora. Gobe in ka tashi kafewa, akwai idon da za ka ji kunya.

Da aka watse muna rufe ƙofofi, Awudu bai yi min tsiya ba, abin da ba halinsa ba. Sai da muka shiga bas ya ce, "Sama'ila, naka ɗan aiken ya zo sau ɗaya, ranar Inna. Na biyu kake jira?"

A cikin bas ɗin na buɗe lambar Habibu. Na kira, ta yi ta ƙara, bai ɗauka ba. Na tura saƙon murya uku cikin wata biyu, har yau bai buɗe ko ɗaya ba. Ban ga laifinsa ba. Ni ma da ni ne, ban san ko zan buɗe ba.

To, Abba, ga abin da na zauna rubutawa. Maganar da na faɗa maka shekara huɗu da suka wuce, na janye ta. Na janye ta a gaban Allah. Ba ka yi min komai ba, na yafe maka duniya da lahira, kai ne ma za ka yafe min. Gidan Baffanka gidanka ne.

Ina roƙonka abu ɗaya, roƙo ne, ba umarni ba. Juma'ar farko da aka ba ku izinin fita, ka je wurinsa. Mahaifiyarka ta san unguwar. Kada ka je da kaki, ka sa kaftaninka. Ka riƙe ɗan goro, ka cire takalmi a ƙofa, ka durƙusa ka gaishe shi, ka gaida matarsa da yara. Kada ka ba shi haƙuri a madadina, ba kai ka yi masa ba, kuma na gaji da aika wasu su tsaya inda ya kamata in tsaya. In kun gama gaisawa, ka kira ni ka miƙa masa wayar. In ya ƙi karɓa, kada ka matsa masa. Ka buɗe muryar ka ajiye ta a kan tabarma tsakaninku, ni zan yi magana. Zan gaya masa zancen oba-oba da bakina, kana ji. Ba na diyuti ran Juma'a, ƙarfe huɗu naku shida namu, zan zauna da waya a hannu duk Juma'a har sai ta yi ƙara.

In ya tashi ya bar wurin, ka yi sallama da ladabi ka tafi, ka koma wata Juma'ar. Ba don ni ba. Ubanka ne, kuma a garin da ba ka san kowa ba, shi ne mutumin da na sani wanda zai bar ƙofarsa a buɗe ya ɗauke ka in ka faɗi.

Allah Ya kai ka lafiya, Ya tsare ka daga sharrin hanya da sharrin kaki. Allah Ya haɗa ka da masu gaya maka gaskiya, Ya ba ka kunnen jin ta tun da sauran lokaci. Allah Ya ji ƙan Inna, Ya sa kada in bi ta ina riƙe da wannan. Ka gaida mahaifiyarka, ka shafa min kan ƙannenka. Awudu da mutanen ɗaki suna gaishe ka, sun ce in ka zama babba kada ka sayi faranti.

Wassalamu alaikum.

Mahaifinka,
Sama'ila

Na manta. In ya tambaya, ko bai tambaya ba, ka ce masa takalman suna nan a ƙarƙashin gado. Ina goge su duk Juma'a. Ban taɓa sa su ba.